Bayan ɗaga hannu: yadda mutum ke zama Kirista a zangon Kumasi

A Kumasi kiran tuba ba ya wuyar ji. Ana yin sa a filin Jubilee Park idan an kafa taron bishara na dare, ana yin sa a cikin trotro tun mota ba ta bar Kejetia ba, ana yin sa a rediyo da asubar fari. Mai wa'azi ya ce duk mai son karɓar Yesu ya ɗaga hannu, ya fito gaba, ya bi shi da addu'a jimla bayan jimla, sannan wani ya rubuta sunansa da lambar wayarsa a kati. Ba na raina wannan, akwai dattawan ikilisiya a yau da tafiyarsu ta fara daga nan. Amma wanda ya gaya wa mutum cewa da hannunsa ya sauka an gama, ya cuce shi. Duk wanda ya taɓa ɗaukar tarin katunan nan ya bi masu su gida-gida ya san da yawansu ba a ƙara ganinsu.

Masu jin Hausa da ke tambayar yadda mutum ke zama Kirista a Aboabo, Asawase, Alabar, Sabon Zango da Tafo ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ya tashi a gidan Musulunci. Akwai Farafara, Dagati, Kusasi, Bulsa da Kasena da suka sauko daga arewa, wani yana koyon kanikanci a Suame Magazine, wata tana dako a kasuwa, iyayensu a gida suna bin al'adar kakanni, Hausa ce ta haɗa su da maƙwabta. Akwai kuma wanda aka haifa a gidan Kirista, ya sha zuwa coci tun yana goye, amma bai taɓa ba da gaskiya da kansa ba. Ƙofar da za su shiga ɗaya ce. Abin da kowannensu zai tarar a bakin ƙofar ne ya bambanta.

Abin da ke faruwa a zuciya

Bisharar Markus ta taƙaita wa'azin Yesu na farko a abu biyu: a tuba, a gaskata bishara (Markus 1:15). Tuba ba ta tsaya a baƙin ciki da hawaye ba, tana kaiwa ga hannu da aljihu. Da Zakka mai karɓar haraji ya sadu da Yesu a Yariko, ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu (Luka 19). A Magazine, ma'anar wannan ita ce makanikin da ya saba sa wa mota tsohon kaya ya karɓi kuɗin sabo ya daina, in ya san mai motar ya neme shi. Mai bashin da ya yi shekara yana ɓuya ya je ya tsaya gaban mai kuɗi su tsara biya. Idan mutum ya ce ya tuba amma ba abin da ya motsa a cinikinsa da gidansa, mai koyar da shi ya zauna da shi, ya tambaye shi daga me ya tuba.

Bangaskiya kuma tana da abin da ke cikinta. Bulus ya jera shi a 1 Korantiyawa 15:3-4: Almasihu ya mutu saboda zunubanmu, an binne shi, ya tashi a rana ta uku. A Romawa 10:9 ya ce wanda ya shaida da bakinsa cewa Yesu Ubangiji ne, ya kuma gaskata a zuciyarsa cewa Allah ya tashe shi daga matattu, zai sami ceto. A nan ne sababbin tuba suka fi juya al'amarin baibai. Mutum ya ce, "Fasto, bari in fara daina sha, in gyara halina, sai in zo." Koyarwar Kirista ta ce a'a, ceto kyauta ce ta alherin Allah, ba ladan aiki ba (Afisawa 2:8-9), gyaran hali kuwa yana biyo baya. Wanda bai gane wannan tun farko ba, ranar da ya sake faɗuwa cikin tsohon laifi zai ɗauka an kore shi, kunya ta hana shi dawowa. Mutane da yawa ta wannan hanya suka ɓace, ba don sun daina gaskatawa ba.

Wanda ya fito daga gidan Musulunci yana da tambayoyi uku da ba a tsallake su, kuma bai kamata a ji haushinsa don ya yi su ba. Ta farko, "Ɗan Allah". Babu ikilisiyar da ke koyar da cewa Allah ya yi aure ko ya haihu irin haihuwar mutane. Abin da ake nufi shi ne Kalman Allah wanda yake tare da shi tun fil azal ya zama mutum, kamar yadda babin farko na Bisharar Yahaya ya bayyana. Ta biyu, gicciye. An koya masa tun yana makarantar allo cewa ba a gicciye Annabi Isa ba, bangaskiyar Kirista kuwa dukanta a kan mutuwar da tashin take tsaye. Ba a sasanta waɗannan biyun, sai mutum ya zaɓa da idonsa a buɗe. Ta uku, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki: Kirista yana shaida Allah ɗaya ne, ba uku ba, kuma Maryamu ba ta cikin ukun. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta a kan waɗannan ba tukuna, a bar shi ya ci gaba da karatu da tambaya. Yi masa baftisma a wannan hali rashin gaskiya ne gare shi.

Ga wanda ya fito daga al'adar gargajiya, damuwar ba ta koyarwa ba ce sosai, tsoro ne. Akwai laya a hannu, guru a ƙugu, zobe, ƙullin magani a ƙarƙashin katifa, akwai kaza ko akuya da ake bin sa kowace shekara a wurin tsafin gidansu. Yana so ya sani: in na daina, me zai same ni? Kada a yi masa dariya, kada kuma a ƙara masa tsoro. A Afisa masu sihiri da suka tuba sun tara littattafansu sun ƙone a gaban jama'a, kuɗinsu ya kai azurfa 50,000 (Ayyukan Manzanni 19:19). Haka ake yi har yau: shi da kansa ya kawo kayansa, dattawa biyu ko uku su yi addu'a tare da shi, a ƙone. Abu biyu ke ɓata wannan aiki. Ɗaya, a ƙwace kayan tun shi bai yarda ba, sai ya koma ya nemi wasu a ɓoye. Biyu, a zuga shi ya tafi ƙauye ya rushe wurin tsafin dangi. Wannan ba nasa ba ne shi kaɗai, rushe shi kuwa faɗa ne da zai rufe bakin bishara a gidan shekara da shekaru.

Kafin a kai ga ajin baftisma, karatu mafi sauƙi shi ne Bisharar Luka gaba ɗayanta, mai babi 24, sannan Ayyukan Manzanni, mai babi 28. Babi ɗaya a rana, cikin wata biyu an gama, mutum ya ga rayuwar Yesu da yadda mutanen farko suka bi shi. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, akwai sababbin fassarori bayan wannan, kuma ana samun su a waya har da na saurare ga wanda bai yi boko ba. Sai dai Hausar cikinsa ta arewacin Nijeriya ce, ɗan zango zai ci karo da kalmomin da ba ya ji a Aboabo. Saboda haka a karanta tare da wani, ko sau ɗaya a mako.

Wace ikilisiya, kuma wata nawa

Ƙidayar 2021 ta nuna kashi 71 cikin ɗari na mutanen Ghana Kirista ne, kusan kashi 20 Musulmi. Coci ba ya ƙaranci a Kumasi, nagari ne sai an duba. Inda ake biyan kuɗi kafin a ga "annabi", inda ake sayar da mai da ruwa da sitika don kariya, inda aka ce wa mutum tun zuwansa na farko uwarsa ce mayyar da ta tare masa arziki, ya ɗauki takalminsa ya fita. Bitrus ya tsawata wa Siman da ya so sayen baiwar Allah da kuɗi (Ayyukan Manzanni 8:20). Baftisma ba ta sayarwa ba ce. A nemi inda ake buɗe Littafi a koyar, inda akwai dattawan da za su iya ce wa fasto ya yi kuskure, inda ake karanta wa jama'a lissafin baiko. Harshe ma abin dubawa ne. Yawancin sujada a garin nan da Twi ake yi ko Turanci, kuma wanda yake zaune awa uku bai ji komai ba ba zai daɗe ba. Wasu ikilisiyoyi suna da taro na musamman don mutanen arewa, a tambaya.

Katolika ce ta fi tsara matakan daki-daki, bisa tsarin shigar da manya da Roma ta fitar a 1972. Da farko lokacin tambaya ne, ba alkawarin komai. Idan mutum ya yanke shawara, a karɓe shi a gaban jama'a, a yi masa alamar gicciye a goshi, ya zama ɗan koyo a hannun katikis, wato mai koyar da addini a coci. Yana zuwa sujada amma ba ya cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabi da aka keɓe a sujada. Wannan yakan ɗauki shekara ko fiye. A Lahadin farko ta azumin kwana 40 na kafin Ista ake rubuta sunayen waɗanda suka shirya. A Lahadi ta uku da ta huɗu da ta biyar ana yi musu addu'o'in binciken zuciya, ana karanta labarin Basamariya a bakin rijiya, da na makahon da aka haifa makaho, da na tashin Li'azaru. Ana danƙa musu Shaidar Bangaskiya da Addu'ar Ubangiji su haddace. A daren Asabar na jajibirin Ista a yi musu baftisma, a shafa musu mai na tabbatarwa, su ci Jibi a karon farko, duk a dare ɗaya. Koyarwa ta ci gaba kwana 50 har idin Fentikos. Ana bukatar uban baftisma ko uwar baftisma, Katolika da ya cika shekara 16, wanda aka tabbatar, kuma ba mahaifin mutum ko mahaifiyarsa ba. A zaɓi wanda zai ɗauki waya da tsakar dare, ba mai kuɗin unguwa ba. Wanda yake ganin shekara ta yi yawa ya tambayi tsofaffin Navrongo da Jirapa: fadan mishan da suka kafa aiki a Navrongo a 1906 tsarinsu shekara huɗu ne.

Church of Pentecost, wadda ta samo asali daga aikin James McKeown da ya iso ƙasar nan a 1937, hanyarta ta fi gajarta. Akwai ajin sababbin tuba, sannan baftisma ta nutsarwa ga wanda ya kai shekara 13, jarirai kuwa miƙa su ake yi ga Allah da addu'a, ba a yi musu baftisma. Assemblies of God da Baftis su ma nutsarwa suke yi bayan mutum ya shaida da bakinsa. A ikilisiyoyin Fentikos za a kuma yi wa mutum addu'ar cika da Ruhu Mai Tsarki, ana sa ran ya yi magana da harsuna, wato harsunan da bai taɓa koya ba. A nan sabon tuba yakan rikice: ya ga na kusa da shi suna yi, shi shiru, sai ya ɗauka Allah bai karɓe shi ba, wani ma ya kwaikwaya don kunya. A gaya masa a fili cewa ko a koyarwar waɗannan ikilisiyoyi ba harsuna ne sharaɗin ceto ba.

Metodis, waɗanda Thomas Birch Freeman ya fara kawo saƙonsu Kumasi a 1839, da Firesbiteriya masu cocin tunawa da ɗan mishan Ramseyer a Adum, da Angilika, suna koyarwa na wasu watanni, sannan yawanci su zuba ruwa ko su yayyafa a ka. Metodis suna sa kowane mutum a ƙaramin aji mai shugaba, abin da ke da amfani ƙwarai ga wanda bai san kowa ba.

Sauri ko jinkiri, wanne ya fi? Masu sauri suna da hujja: Filibus ya yi wa Bahabashe baftisma a bakin hanya, mai gadin kurkukun Filibi kuma a daren da ya ba da gaskiya. Masu jinkiri su ma suna da tasu, tsofaffin rubuce-rubucen ikilisiya sun ambaci koyo na shekara uku. A ganina, a zango, ga wanda baftismarsa za ta girgiza gidansu, wata shida zuwa shekara bai yi yawa ba. Ba don a gwada shi ba, don ya san abin da ya gaskata har ya iya amsa wa kawunsa cikin ladabi, kuma don ikilisiya ta shirya ɗaukar nauyin da ke tafe. Yesu da kansa ya ce mai son gina bene ya fara zama ya yi lissafi (Luka 14:28).

Gida

Sashe na 21 na kundin tsarin mulkin 1992 ya ba kowa 'yancin addini da bayyana shi. Ƙasar nan kuma Allah ya ba ta zaman lafiya tsakanin addinai da ake sha'awa: a Istar 2019 Babban Limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, ya halarci cocin Katolika na Christ the King a Accra yayin bikin cikarsa shekara 100. Amma doka ba ta ba mutum ɗakin kwana, ba ta tilasta wa uwa ta zuba masa tuwo. A gidan haya na zango inda ake tarayya a famfo ɗaya da tsakar gida ɗaya, ba a ɓoye abu ya daɗe. Iyaye kuwa ba mugunta ce ke sa su kuka ba. Sun gaskata ɗansu ya kama hanyar halaka, ga kuma bakin mutane a masallaci da wurin suna. Wanda bai ji tausayin wannan ba bai isa ya ba sabon tuba shawara ba.

Su ji daga bakinsa, ba daga maƙwabta ba, ba kuma daga hoton baftisma a Facebook ba. Ya fara da wanda ya fi sauƙin kai a dangi, kawu ko gwaggo ko yaya, ya roƙe shi ya raka shi. Ba ranar Sallah ba, ba cikin azumi ba, ba a gaban baƙi ba. Ya durƙusa yadda ya saba, ya ce, "Baba, na zo da magana mai nauyi, ina roƙon ka saurare ni har in gama." Ya faɗi abin da ya gaskata a taƙaice, ya tabbatar musu shi ɗansu ne har gobe. Kada ya zagi addininsu, ko Annabinsu, ko Littafinsu, ko da an zage shi. Bitrus ya ce a ba da amsa da tawali'u da ladabi (1 Bitrus 3:15-16). Idan akwai alamar duka ko kulle, wannan ya zama laifi a doka, a kai ga 'yan sanda, sashensu mai kula da cin zarafi a gida, DOVVSU, don irin wannan yake. Yaron da bai kai shekara 18 ba kuwa yana hannun iyayensa. A koyar da shi in ya nema, amma kada a yi masa baftisma a ɓoye, kada a ɗauke shi daga gida.

Bayan an faɗa, aiki ne zai yi magana. Kuɗin da yake aika wa Inna kada ya ragu ko sidi ɗaya. Ya je suna, ya je biki, ya je gaisuwar mutuwa, ya yi aikin da ake yi. Kada ya ci abinci a gaban masu azumi. Babu ayar da ta ce sai ya ci naman alade ko ya sha giya ko ya yar da babbar riga kafin ya zama Kirista, mace ma ba sai ta cire mayafi ba. Girmama uwa da uba na cikin Dokoki Goma, kuma Yesu ya tsawata wa masu fakewa da addini su hana iyaye haƙƙinsu (Markus 7:9-13).

Suna ma haka. Musa, Ibrahim, Yakubu, Yusufu, Dauda, Maryamu, Saratu, duk suna cikin Littafi Mai Tsarki, kuma babu dole a sauya kowane suna. Sauya shi ciwo ne ga uban da ya yanka rago ya raɗa. Wanda ya nace sai ya sauya a takarda, sai ya yi rantsuwar doka, a buga a Gazette, sannan ya bi Ghana Card da banki da layin wayarsa ya gyara. In ya yi rabi ya bari, takardar makaranta ta ce wani suna, katin ƙasa ya ce wani, wahalar tasa ce.

Ikilisiya kuma tana da nata laifin da take yawan yi. Ta ɗora sabon tuba a kan bagade mako biyu da zuwansa, a ba shi makirufo ya ba da shaida, a ɗauka a waya a watsa. Jama'a su yi tafi su watse, shi ya koma unguwa shi kaɗai. Idan aka kore shi daga gida, masu gidajen haya suna neman kuɗin shekara ɗaya ko biyu a gaba, ko da yake dokar haya ta ce kada ya wuce wata shida. Idan maigidansa a wurin koyon sana'a ya sallame shi, sai an nemo wani. Dattawa su tattauna wannan tun kafin ranar baftisma: wa zai ba shi masauki, har wata nawa, wa zai karɓe shi aiki. Amma kada a yi wa kowa alkawarin kuɗi, ko makaranta, ko biza, ko mata don ya tuba. Wanda ya zo don wannan zai tafi ranar da ya ƙare, kuma ya ba masu cewa sayen mutane ake yi gaskiya. Taimakon da ya fi shi ne aikin yi. Sabon dashe yana son inuwa da ruwa kullum har saiwarsa ta kama, amma ba a barin sa a inuwa har abada.

Ranar baftisma da bayanta

Abin da ya zama dole kaɗan ne: ruwa, da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki kamar yadda Matiyu 28:19 ya umarta, da shaidar mutumin da bakinsa. Za a tambaye shi ko ya rabu da Shaiɗan da ayyukansa, ko ya gaskata, ya amsa da kansa da harshen da yake ji. Ma'anar tana Romawa 6: an binne tsohon mutum tare da Almasihu, an tashi sabo.

Idan nutsarwa ce, a kula da ruwan. Rafukan cikin gari irin su Subin da Aboabo kwatar unguwanni ke zuba a cikinsu, ba wurin sa kan mutum ba ne. Ramukan masu haƙar zinariya ta galamsey sun fi haɗari, ba a sanin zurfinsu, ga laka mai riƙe ƙafa. Ruwan da ke kwance a ƙauye yana iya sa tsargiya. Kwarmin baftisma da aka gina a harabar coci ya fi, ko a ari na wata ikilisiya. Ruwa ya kai tsakanin ƙugu da ƙirji, in ya gaza haka ɗago babban mutum yana da wuya. Mutum biyu su shiga tare da shi. Ya haɗa hannuwansa a ƙirji, ya toshe hanci, ya sassauta gwiwa. A sa tufa mai kauri mai duhu a ciki, domin farin yadi in ya jiƙe yana nuna jiki, mata kuma su tsaya da zane a bakin ruwa su rufe 'yar'uwarsu da ta fito. Tsoho, da mara lafiya, da mai ciki da ta tsufa, da mai farfaɗiya, a gaya wa fasto tun da wuri. Ga wanda ake tsoron fitina a kansa, a yi a gaban shaidu kaɗan, a ajiye wayoyi. Baftisma ce cikakkiya.

A karɓi katin baftisma a adana, za a neme shi ranar aure ko in an koma wani gari. Katolika, Angilika, Metodis da Firesbiteriya ba sa maimaita baftismar da aka yi da ruwa cikin sunan nan uku. Fentikos da Baftis kuwa sukan nutsar da wanda aka yayyafa wa yana jariri.

Watannin da ke biye sun fi na baya wuya. Ɗokin farko ya kwanta, aji ya ƙare, wanda ya saba da salla biyar a rana da jama'a sai ya ga daga Lahadi sai Lahadi, ranakunsa sun zama fanko. A ba shi tsari: addu'a da Zabura ɗaya da safe, babi ɗaya da dare, taron tsakiyar mako, zumuntar mata ko ta matasa, da ɗan aiki a coci ko da jera kujeru ne. Ranar Sallah, lokacin da gidansu ke cike da nama da baƙi, wani ya tuna ya kira shi ko ya gayyace shi cin abinci.

Maganar aure tana bukatar natsuwa. Bulus ya ce idan miji ko matar da ba ta ba da gaskiya ba ta yarda a zauna, kada mai bi ya rabu da ita (1 Korantiyawa 7:12-16). Tuba ba hujjar saki ba ce. Sai dai a fikihun Musulunci namijin da ya bar addini aurensa da Musulma ya warware, don haka dangin matar na iya zuwa su ɗauke ta. In rigima ta kai ga 'ya'ya, kotun iyali ce ke yanke hukunci bisa abin da ya fi wa yaro alheri, a ƙarƙashin dokar yara ta 1998. Mai mata fiye da ɗaya kuma ya tambayi matsayin ikilisiya tun ranar farko, domin sun sha bamban. Katolika ta ce ya zauna da ɗaya, tare da wajibcin kula da bukatun sauran. Church of Pentecost tana yi masa baftisma amma ba ta ba shi cikakken matsayin ɗan ikilisiya muddin yana cikin auren. Taron bishop-bishop na Angilika a Lambeth a 1988 ya yarda a yi masa baftisma tare da matansa da suka ba da gaskiya, ba tare da tilasta masa sakin kowa ba, in ya yi alkawarin ba zai ƙara ba kuma jama'ar ikilisiyar wurin sun amince. Ko wace aka bi, matar da ta haifa masa 'ya'ya ba za a tura ta titi da sunan tsarki ba.

Gado da jana'iza su ne ake kunyar ambata, su ne kuma ke kawo rigima mafi zafi. A fikihu bambancin addini yana hana gado, don haka dangi na iya cire shi daga rabo. Dokar gado ta ƙasa ta 1985, PNDCL 111, ba ta duba addinin ɗa a dukiyar da mamaci ya tara da kansa bai bar wasiyya ba. Yana da damar zuwa kotu, yana kuma da damar haƙura don zumunci. Shi zai zaɓa, kada ikilisiya ta zaɓa masa. Abin da ya mallaka shi kansa kuwa ya rubuta wasiyya, ya sa hannu a gaban shaidu biyu da ba su da rabo a ciki, a ajiye a Babbar Kotu. Gawa a al'adar ƙasar nan ta dangi ce. A zango ana binnewa a ranar ko washegari, Kiristocin Kumasi kuwa sukan ajiye gawa makonni a asibiti kafin a yi taro. In ba a yi magana tun da rai ba, sai a wayi gari dangi da 'yan coci suna jayayya a ƙofar ɗakin ajiye gawa. Ya zaunar da babban gidansu da fastonsa wuri ɗaya, ya faɗi wanda zai yi masa addu'a da inda za a sa shi, a rubuta, kowane ɓangare ya riƙe kwafi. Babu abin da ya hana Kirista a binne shi da wuri cikin likkafani in haka zai sauƙaƙa wa iyayensa.